Rigar da Ta Fi Araha: Darasi a Kan Kimiyyar Tufafi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari a Kano ana saura mako biyu Sallah ya san cewa sutura tana cin kaso mai tsoka daga cikin abin da magidanci yake samu. Uba mai 'ya'ya shida zai tsaya gaban mai shago, a shimfiɗa masa yadi iri biyu masu kama da juna, ɗaya ya ninka ɗaya a kuɗi. Da yake aljihu ba nauyi, sai ya ɗauki mai rahusa. Kafin babbar Sallah ta kewayo yadin ya koɗe, ɗinki ya buɗe, dole a sake komawa kasuwa. Hausawa sun daɗe da cewa araha ba ta ado. A wannan darasi za mu duba dalilin haka ta fuskar kimiyya: da me ake yin tufafi, me yin su yake jawo wa ƙasa da mutanen da suke aikinsu, sannan yaya mai ƙaramin ƙarfi zai tara sutura ta mutunci ba tare da ya shiga bashi ba.

Da me aka yi rigarka?

Idan ka zare zare ɗaya daga gefen tsohon ƙyalle ka warware shi, za ka ga siraran gasu ne aka murɗe wuri ɗaya. Waɗannan gasu su ne asalin kowane irin tufa, kuma sun kasu gida biyu.

Kashi na farko su ne waɗanda ake samu daga tsirrai da dabbobi. Babbansu ita ce auduga, wadda gashinta kusan dukkansa wani sinadari ne da ake kira selulos, wato abin da tsirrai suke gina jikinsu da shi. Akwai kuma ulu daga gashin tumaki, da siliki daga wata irin tsutsa. Zaren tsamiya da kakanninmu suke saƙa manyan riguna da shi siliki ne na daji.

Kashi na biyu su ne waɗanda ake haɗawa a masana'anta, galibi daga man fetur. An fara haɗa nailan a Amurka a shekarar 1935. A shekarar 1941 kuma wasu masana biyu a birnin Manchesta na Ingila, Whinfield da Dickson, suka yi rajistar zaren foliyesta. Sinadarin da ake yin foliyesta da shi, shi ne dai wanda ake yin gorar ruwan sha ta roba da shi. A yau fiye da rabin zaren da ake samarwa a duniya foliyesta ne, ita kuwa auduga ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin biyar ba.

Bambancin da ya fi shafar mu a ƙasar zafi shi ne shan ruwa. Busasshiyar auduga tana riƙe laimar da ta kai wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, shi kuwa foliyesta bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Shi ya sa rigar auduga take tsotse gumi, iska ta busar da shi, jiki ya ji sanyi. Rigar foliyesta kuwa tana barin gumin a kan fata, a watan bazara mutum ya ji kamar an naɗe shi a leda. Amma shi ma foliyesta yana da nasa amfanin. Yana da ƙarfi, ba ya saurin yamutsewa, yana bushewa da wuri, kuma ba ya yawan zuba. Saboda haka ne ake gauraya shi da auduga wajen yin yadin kayan makaranta, domin a sami sanyin wannan da ƙarkon wancan.

Gwaje-gwaje huɗu da za a iya yi a aji

Ba kowane yadi ne yake zuwa da takardar bayani ba, wani lokaci ma abin da aka rubuta ba gaskiya ba ne. Malami zai iya karɓo guntayen ƙyallaye daga wurin tela, a yi waɗannan gwaje-gwaje.

Na farko, gwajin wuta. Malami ne kaɗai zai yi shi, a fili, da awartaki a hannu da kwanon ruwa a kusa. A kusantar da ɗan ƙyalle ga harshen kyandir. Auduga tana kamawa nan da nan, tana warin takarda mai ƙuna, ta bar toka mai laushi. Foliyesta da nailan suna takurewa su narke, su bar dunƙule mai tauri wanda ba ya murtsukewa. Ulu da siliki suna ƙaurin gashi, su bar baƙin dunƙule mai rugurgujewa. Akwai gargaɗi a cikin wannan gwaji ga duk mai girki: tufar roba idan ta kama wuta tana narkewa ta manne wa fata, ƙunar ta yi zurfi. Kada a tsaya gaban murhu ko risho da mayafin roba yana reto.

Na biyu, gwajin ruwa. A ɗiga ruwa a kan ƙyallen da aka riga aka wanke. A kan auduga zai nutse ya bazu, a kan foliyesta zalla yakan ɗan tsaya kafin ya shige.

Na uku, gwajin haske. A ɗaga yadi a duba shi ta hasken rana. Saƙa ta ƙunshi zaren tsaye da zaren kwance. Idan sun matsu da juna, haske kaɗan ne zai ratsa. Idan ana hango tazara a tsakaninsu, yadin ba zai jure wanki ba. Wasu masana'antu sukan cika wannan tazara da sitaci don yadi ya yi kauri da ƙyalli a shago. A murza gefensa tsakanin yatsu, in wani farin gari ya fito, ko wurin ya saki, to kaurin na aro ne, wankin farko zai tafi da shi.

Na huɗu, gwajin zuba. A jiƙa farin ƙyalle a goga a kan yadin. In launi ya biyo shi sosai, rinin bai kama ba. Sai dai a lura, kayan da aka rina da baba sukan ɗan saki shuɗi ko da rinin mai kyau ne, wannan ɗabi'arsa ce.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin riga ba

Idan riga ta yi araha fiye da kima, yana da kyau a tambaya: wa ya biya ragowar? Ga misalai uku.

Misali na farko ya shafi ruwa. Masana sun ƙiyasta cewa ana buƙatar ruwa wajen lita 2,700 kafin a sami rigar auduga guda mai gajeren hannu, tun daga gona har zuwa masana'anta. A inda ake noman auduga da ruwan sama, kamar yankunan Funtuwa da Gusau da Gombe, wannan bai zama babbar matsala ba. A inda ake ban ruwa kuwa lamarin ya sha bamban. Tafkin Aral, wanda yake tsakanin Kazakistan da Uzbekistan a tsakiyar Asiya, ya taɓa zama na huɗu a girma a duniya, da faɗin murabba'in kilomita kusan 68,000. Daga wajen shekarar 1960 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da koguna biyu da suke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga. Tafkin ya yi ta janyewa, har a shekarar 2014 ɓangarensa na kudu maso gabas ya ƙafe ƙurmus. Garin Moynak da ya shahara da kamun kifi ya koma tsakiyar rairayi, jiragen ruwa suna tsatsa a kan tudu.

Misali na biyu ya shafi ma'aikata. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a Savar, kusa da Daka, babban birnin Bangaladash. A cikinsa akwai masana'antun ɗinki guda biyar masu yi wa manyan shagunan Turai da Amurka aiki. Tun ana gobe an ga bango ya tsage, amma aka umarci ma'aikata su koma bakin kekunansu. Mutum 1,134 suka rasu, wajen 2,500 suka ji rauni, akasarinsu mata ne masu ƙaramin albashi. Bayan wannan bala'i ne kamfanoni da yawa suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-ginen masana'antu a ƙasar.

Misali na uku ya shafi shara. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake yi a duniya ya kusan ninkawa tsakanin 2000 da 2015, alhali yawan sawar da ake yi wa kowace tufa kafin a yar ya ragu. Ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ne ake sake sarrafawa ya koma sabuwar tufa. Wani kaso na abin da aka yar shi ne yake iso mana a matsayin gwanjo. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akara, a Gana, wata ƙungiya mai aiki da 'yan kasuwar, Or Foundation, ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 suke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa sayuwa, suna ƙarewa a bola da kwatami da bakin teku. Matan da suke ɗaukar dilolin a ka, waɗanda da yawansu daga arewacin Gana suka fito, ana kiran su kayayei, sunan da ya samo asali daga kalmarmu ta kaya. Dila ɗaya takan haura kilo 50. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar.

Daɗin daɗawa, tufar auduga idan ta shiga ƙasa tana ruɓewa, amma ta foliyesta tana daɗewa shekaru masu yawa, kamar yadda leda take yi a gonakinmu. Ko a wajen wanki ma tana sakin 'yan mitsi-mitsin gasu na roba da suke bin ruwa zuwa kogi, kifaye su haɗiye.

Abin lura a nan shi ne, babu zaren da ba shi da laifi. Auduga tana shan ruwa da maganin ƙwari, foliyesta yana cin man fetur ya bar shara. Saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ne tsawon lokacin da tufa za ta yi tana amfani bayan an yi ta.

Waiwaye gida

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, kuma tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Mata suna gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗe ta da mazari. Masaƙa su saƙa, marina su rina, mabuga su buge. Har gobe ana rini a karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa shi a 1498.

Akwai kimiyya mai ban sha'awa a cikin karofi. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare haka kawai ba. Idan aka haɗa baba da toka a rijiyar rini aka bar shi kwanaki, ƙananan halittu sukan sauya shi ya koma wani nau'i mai narkewa, mai launin kore-kore. Zare ya sha shi, a tsamo, iskar da muke shaƙa ta taɓa shi, sai ya koma shuɗi a cikin zaren inda ruwa ba zai iya fitar da shi da sauƙi ba. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launin.

A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, wasu suka biyo baya a Kakuri da Kano da Funtuwa, har masaƙu suka zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a Nijeriya. Ƙarancin wutar lantarki, da tsufan injuna, da kwararowar yadi mai araha daga waje ta hanyar fasa ƙwauri, sun durƙusar da akasarinsu. Waccan masaƙa ta farko ta rufe a 2002. Amma abu ɗaya ya rage mana wanda mutanen Turai da yawa suka rasa, wato tela a kowace unguwa. Mai ɗinki a wurin tela ya san wanda ya yi masa aiki, ya san nawa ya biya shi, kuma yana da inda zai kai gyara.

Lissafin kuɗin sawa ɗaya

Ga hanya mai sauƙi ta gane rigar da ta fi araha. A raba kuɗin riga da yawan lokutan da aka sa ta kafin ta mutu. Alƙaluman da ke ƙasa misali ne kawai, malami zai iya maye su da farashin kasuwar garinsu.

Riga ta farko: an saye ta naira 6,000, ta lalace bayan sawa 15. Kowace sawa ta ci naira 400.
Riga ta biyu: yadi da ɗinki sun tashi naira 15,000, an sa ta sau 100. Kowace sawa ta ci naira 150.
Riga ta uku: gwanjo ce mai kyau, naira 3,000, an sa ta sau 60. Kowace sawa ta ci naira 50.
Riga ta huɗu: anko ce ta biki, naira 20,000, an sa ta sau 2 aka jefa a akwati. Kowace sawa ta ci naira 10,000.

Haka lissafin yake idan aka koma ga ruwa. Lita 2,700 idan aka raba wa sawa 15, kowace sawa ta sha lita 180. Idan aka raba wa sawa 100, lita 27 ce kacal. Ke nan abin da ya sauƙaƙa wa aljihu shi ne ya sauƙaƙa wa ƙasa.

Wani ɗalibi zai ce, ai talaka ba don yana so yake sayen mai araha ba, naira 15,000 ɗin ce ba shi da ita a dunƙule. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta sa talaka yakan kashe fiye da mai hali a kan sutura idan aka tara na shekaru. Matakan da ke biye an tsara su ne da wannan a zuciya.

Matakan tara sutura

Na ɗaya, a fara da ƙirga abin da ake da shi. A zazzage akwati a kasa kaya uku: waɗanda ake sawa, waɗanda suke buƙatar gyara, da waɗanda ba a sa ba tun bara. Na uku a ba ƙanne ko mabukata.

Na biyu, a sayi ɗaya mai kyau maimakon uku marasa ƙarko, ko da za a yi adashi ko asusu na wata uku. A guji kai ɗinki ana dab da Sallah, lokacin da tela yake cikin gaggawa. Aikin da aka yi a natse ya fi ƙarko, kuma an fi samun sauƙin farashi.

Na uku, a zaɓi launukan da suke shiga da juna. Wando biyu da riga huɗu masu dacewa da juna suna ba da shiga takwas. Haka mayafi ɗaya mai launi natsattse zai hau atamfa da yawa.

Na huɗu, gwanjo ba abin kunya ba ne, domin sayensa yana tsawaita rayuwar tufar da an riga an yi ta. A duba hammata da wuya da tsakanin ƙafafun wando da zif, a ja ɗinki a gani. Kafin a sa, a wanke da sabulu da ruwan zafi in yadin zai jure, a shanya a rana, a goge, saboda ƙwarƙwata da ƙazwa.

Na biyar, a roƙi tela ya bar rara a cikin ɗinki da lanƙwasar ƙasan wando, musamman ga yara masu girma, domin a buɗe idan sun ƙara tsawo. A karɓo ragowar ƙyallen a ajiye don faci. A kuma biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, domin adalcin da muke nema wa maɗinkan Bangaladash daga kan telan unguwa yake farawa.

Na shida, a yi hattara da anko. In ba makawa, a ɗinka shi yadda za a ci gaba da sa shi bayan biki. Masu biki kuma su tuna da marasa hali cikin dangi idan za su fitar da shi.

Kula da abin da aka mallaka

Wanki ya fi sawa kashe tufafi. Dirza da ƙarfi da buga kaya a kan dutse suna karya gashin zare. Gara a jiƙa kaya na ɗan lokaci, dauɗa ta saki da kanta. Bilic yana cin selulos, don haka yawan amfani da shi yana raunana farin yadi har ya riƙa yagewa. A ware farare da masu launi. Haskoki masu ƙarfi da ke cikin hasken rana suna wargaza sinadarin rini, shi ya sa ya kamata a juya kaya masu launi a shanya su a inuwa, a kwashe da zarar sun bushe.

Wajen guga a duba ɗigon da aka zana a takardar wuyan riga. Ɗigo ɗaya yana nufin zafi kada ya wuce digiri 110 a ma'aunin Salshiyos, biyu 150, uku 200. Auduga tana jure uku, kayan roba ba sa jurewa. Mai amfani da dutsen guga na gawayi ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kayan roba kafin ya ɗora. Kada a ninke kaya da danshi a lokacin damina, domin funfuna yana cin auduga. Ɗan yagewa kuma a ɗinke shi tun yana ƙarami. Kowane ɗalibi, namiji ko mace, ya kamata ya iya sa maɓalli da yin faci.

Idan tufa ta ƙare, a mai da ita tsumman goge-goge, ko cikon matashi, ko a haɗa guntaye a yi shimfiɗa. Kada a ƙona tsumman roba a tsakar gida, hayaƙinsa yana cutar da huhu.

Kammalawa

Mun ga cewa farashin shago ba shi ne ainihin kuɗin riga ba. Rigar da ta fi araha ita ce wadda aka zaɓa da sani, aka kula da ita, aka daɗe ana sawa. Ɗalibin da ya iya bambanta auduga da roba, ya iya lissafin kuɗin sawa ɗaya, ya iya riƙe allura, zai rage wa iyayensa nauyi tun daga wannan zango.

Tambayoyi da aikin gida

1. Bayyana dalilin da ya sa rigar auduga ta fi ta foliyesta sanyi a lokacin bazara.
2. Me ya sa zaren da aka tsamo daga karofi yake sauya launi idan ya sha iska?
3. An sayi wando naira 9,000 aka sa shi sau 30. Da aka yi masa gyaran naira 600 sai aka ƙara sa shi sau 30. Nawa ne kuɗin sawa ɗaya kafin gyara, nawa ne bayansa?
4. Ziyarci telan unguwarku ka tambaye shi yadin da ya fi daɗewa a hannun masu kawo masa ɗinki, da abin da yake yi da guntayen ƙyallaye. Rubuta rahoto na shafi ɗaya ka kawo wa malaminka.